Dalma, Fargaba da Bulala: Halin Ɗan Firamare a Yammacin Zamfara

Da wuya a shiga ajin firamare ba a tarar da yaron da malamai suka sa wa ido ba. Ba ya zama wuri ɗaya, abu kaɗan ya kai wa ɗan'uwansa duka, in an ba shi umarni kafin ya kai ƙofa ya manta. Akan kira shi mai taurin kai ko daƙiƙi, maganinsa kuwa bulala, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi akwai dalilan da ya kamata su sa malami ya dakata kafin ya yanke wannan hukunci.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Bincike ya nuna dutsen zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa kuma ta gauraya da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Kimanin yara 400 suka rasu, an yi wa dubbai magani, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Waɗanda suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, amma haƙar zinare ba ta tsaya da su ba, ƙannensu ne kuma ke zaune a benci.

Jikin yaro yakan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalsiyam ce, wato wanda ke gina ƙashi, yake kuma taimaka wa jijiyoyi wajen isar da saƙo. Ta haka take samun hanyar shiga ƙwaƙwalwa, ta taɓa har da sashen gaba, bayan goshi, inda ake sarrafa haƙuri da natsuwa da danne fushi. Cikin yaro yakan tsotsi dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa. Maganin asibiti yana fitar da ita daga jini, ya ceci rai, sai dai ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

Tun a 1979 wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, ya tattara haƙoran da 'yan firamare suka zubar lokacin famfara, ya auna dalmar da ke cikinsu. Sannan ya nemi malamansu, waɗanda ba su san sakamakon awon ba, su bayyana halin kowane yaro. Gwargwadon yawan dalmar haƙori, gwargwadon yadda malamai suka ce yaro na da shagala da gaggawa da saurin karaya. Abin lura shi ne, waɗannan yara lafiyarsu lau a ido.

Ga kuma fargaba. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane masu yawa, a 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki sinadarin kotisol don ya shirya gudu ko kare kai. Wannan amfani ne na ɗan lokaci. In tsoro ya daɗe, jiki ba ya komawa daidai: barci ya gagara, yaro ya riƙa zabura da ƙarar buga ƙofa, ko ya yi shiru a ƙarshen aji ba ya kula kowa. Mai shirun nan shi aka fi mantawa da shi, don ba ya damun malami. Dukan irin waɗannan yara kuwa ƙara tayar da abin da ake so ya kwanta ne.

Sarrafa zuciya abu ne da ake koya, kamar karatu da lissafi. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon shirye-shirye 213 na koyar da zamantakewa da sarrafa zuciya a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Halin yaran ya gyaru, damuwarsu ta ragu, matsayinsu a karatu kuma ya ɗaga da kimanin mataki 11 cikin 100.

Mafi yawan abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. Malami ya gai da yaro da sunansa kowace safiya. Tsarin yini ya zama ɗaya kullum, domin wanda rayuwarsa ta birkice yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya. A ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a zaunar da mai shagala kusa da allo. In faɗa ya tashi, a bari zukata su huce, sannan a tambayi kowa abin da ya ji, ya faɗa da bakinsa: fushi ne, kunya ce, ko tsoro?

Dandali ma makaranta ce tun kaka da kakanni. A wasan gaɗa yarinya takan saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta, wannan kuwa horo ne na amincewa da juna. Langa na koyar da bin doka da jure kaye. Bayan tatsuniya, maimakon a tsaya ga yi wa Gizo dariya, a tambayi aji yadda Ƙoƙi ta ji.

Iyaye kuma su sani cewa cikin da babu abinci ya fi tsotsar dalma, don haka kada yaro ya fita makaranta bai karya ba. Wake da zogale da nono suna taimakawa. Mai aikin dutse ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida. Yaron da ke yawan ciwon ciki da kasala, ko halinsa ya sauya ba dalili, a kai shi asibiti a nemi a auna jininsa.