HAMIYON KO HAMAIYONI? Sunan Jarumar Da Ya Rikita 'Yan Kallo

Duk mai bibiyar finafinan Harry Potter ya san yarinyar nan mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda Emma Watson ta fito a matsayinta. To amma a nuna wa mutum sunanta a rubuce, wato Hermione, a ce ya faɗa, nan fa ake yin ta! Wannan ya ce "Hamiyon", wancan ya ce "Hamiwan", sai musu ya kaure.

Kada mai karatu ya ji kunya. Tun da littafin farko ya fito a Ingila a 1997, Turawan su kansu suke kwafsawa, domin a Turanci galibi ba a furta harafin "e" na ƙarshen kalma. Shi kuwa wannan suna asalinsa na Girkawa ne, don haka ba a haɗiye ƙarshensa. Gaɓa huɗu ce: Ha-mai-yo-ni, a ƙarfafa "mai" ɗin.

Da marubuciyar, J.K. Rowling, ta ga abin ya yi yawa, sai ta yi dabara. A littafi na 4, wanda ya fito a 2000, ta sa jarumar tana koya wa Viktor Krum, ɗan wasa daga Bulgeriya, faɗin sunan gaɓa-gaɓa. A 2018 ta tabbatar da cewa da gangan ta yi hakan saboda masu karatu.

Fim na farko kuwa, a 2001, shi ya ƙarasa raba gardamar. Sai dai a kasa kunne da kyau: idan 'yan wasan na sauri, "Hamaini" za a ji.