3.4 Gano Cif Ɗin Awo da Ba a Sani Ba a Babban Allon Kwamfuta

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, a kan babban allon kwamfuta akwai cif da ke auna zafin na'ura da gudun fanka da ƙarfin wuta. Manhajar lm-sensors ta tsarin Linux, wadda aka soma a 1998, ba ta iya karanta wannan awo sai an san cif ɗin an kuma ɗora direban da ya dace da shi. A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake gano shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe akwatin a karanta rubutun da ke jikin cif ɗin. Galibi na kamfanin ITE ko Winbond ko Nuvoton ko Fintek ne.

Inda hakan ya faskara, sai a yi amfani da sensors-detect, wanda ke tambayar cif ɗin kansa. Irin cif ɗin da ake kira Super I/O yana amsawa ta kafar 0x2E ko 0x4E, amma ba ya buɗewa sai an aika masa da mabuɗin kamfaninsa. Na Winbond shi ne 0x87 sau biyu. Na ITE kuwa, a kafar 0x2E, lambobi huɗu ne: 0x87, 0x01, 0x55, 0x55. Wato tun daga mabuɗin da ya yi aiki an soma sanin kamfanin. Bayan nan a karanta rajista ta 0x20 da ta 0x21, inda lambar shaidar take. Alal misali, IT8712F yana ba da 0x8712. Daga nan a zaɓi sashen awo ta rajista ta 0x07, a karanta adireshinsa a 0x60 da 0x61, wanda yawanci 0x290 ne.

Idan lambar ba ta cikin jerin da direba ya sani, direban it87 yana da zaɓin force_id, wanda ke sa a ɗauki cif ɗin a matsayin ɗan'uwansa. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan dabara ta gwaji ce kurum, domin rajistocin da ke sarrafa fanka na iya bambanta, kuma fanka in ta tsaya na'ura ce za ta ƙone.

Har ila yau, akwai cif irin su LM75 da ke kan layin SMBus, a adireshi 0x48 zuwa 0x4F. Lalube a wannan layi yana da haɗari: ya taɓa lalata ma'ajiyar 24RF08 a wasu kwamfutocin ThinkPad na IBM har suka daina tashi.

Ko an gano cif, da sauran aiki. Layin bolt 12 ya fi ƙarfin abin da cif ke iya aunawa, don haka masu ƙera allo kan rage shi da resista biyu, kuma kowane allo da nasa. Dole a kwatanta awon da wanda BIOS ke nunawa, sannan a gyara lissafin a fayil ɗin sensors3.conf.