Nazarin Yanayi da Alamtarwa a Cikin Zane: Misali Daga "Mafarauta a Dusar Ƙanƙara"

1.0 Gabatarwa

Kamar yadda marubucin waƙa yake sarrafa kalmomi domin isar da saƙo, haka mai zane yake sarrafa launi da siffofi. Saboda haka, hanyoyin da ake bi wajen gano alamtarwa a adabi suna iya amfani wajen nazarin hoto. Misalin da aka ɗauka a nan shi ne zanen da Pieter Bruegel ya yi a shekarar 1565, wanda ke ajiye a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

2.0 Abin da Zanen Ya Ƙunsa

Zanen yana nuna mafarauta uku da karnukansu suna dawowa ƙauye a tsakiyar hunturun Turai, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina. Abin da suka samo bai wuce yanyawa guda ɗaya ba. A gefensu wasu mutane suna hura wuta, can ƙasa kuma jama'a suna wasan zamiya a kan tafkunan da suka daskare.

3.0 Yanayi

Ana gane yanayin zane ta hanyar launi da tsayuwar jiki. Fari da toka-toka su ne suka rinjaya, lamarin da ke sa mai kallo ya ji sanyi da shiru. Mafarautan sun juya baya, kafaɗunsu a ranƙwafe, karnukan ma sun sunkuyar da kai. Wannan yana nuna gajiya da rashin sa'a.

4.0 Alamtarwa

Itatuwan da ganyensu ya kaɗe da hankakin da ke kansu suna alamta ƙunci da ƙarancin abinci. Wutar kuwa alama ce ta ɗumi da ci gaban rayuwa. Masu wasa suna nuna cewa wahalar wani ba ta hana wani nishaɗi. Tsaunuka masu tsini da ke nesa babu irinsu a yankin Beljiyam inda mai zanen ya zauna. Ya aro su ne daga duwatsun Alps da ya ratsa a tafiyarsa ta Italiya, domin ya nuna ƙanƙantar ɗan'adam a gaban halitta.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne malami ya horar da ɗalibai su fara bayyana abin da ido ya gani kafin su ba shi ma'ana. Duk fassarar da ba ta da hujja a cikin zanen kansa, shaci-faɗi ce kawai.