Sawun Giwa a Bakin Gaji

Autarmu ce ta tayar da maganar. Ta dawo daga Islamiyya da hardar Suratul Fili, ta zauna a tsakar gida tana bita, can sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai giwa ta kai ɗakin nan girma?" Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar ba abin da ke bakina sai karin magana. Na san sawun giwa ya taka na raƙumi. Na san giwa a garin wani zomo ce. Na ji maroƙa suna yi wa sarki kirari da toron giwa, na ji ana kiran matar da ta fi fada a gidan sarauta Giwa, har kifin da ya fi kowane girma a kogunanmu giwan ruwa muke ce masa. Amma giwa mai numfashi, a cikin dajinta, ban taɓa tsayawa gabanta ba, ga shi na haura arba'in. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Dabbar da ta cika mana baki haka, a ce 'ya'yanmu sai a waya suke ganinta?

Uwargida ta nuna mini hotunan wata ƙawarta da ta kai iyalinta Tailan, inda ake da sansanonin giwaye, baƙi suna ba su ayaba da rake a hannu, wasu ma suna hawansu. Waccan giwar Asiya ce, kunnuwanta ƙanana, matan galibi ba su da haure na a zo a gani, kuma an daɗe ana horar da ita don aiki. Tamu ta Afirka ta fi ta jiki, ta fi ta faɗin kunne, kuma ba a saba ɗora mata sirdi ba. Ni dai ban so yarana su fara sanin giwa da sarƙa a ƙafa. Sai na ce mu nufi Yankari.

Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya yake. Daga Kano mun bi ta Birnin Kudu da Ningi muka kwana Bauchi, washegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata kudu zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, duk cikin daji, kuma tun a nan yara suka manne da tagogi.

Abu na farko da mai shirin irin wannan tafiya zai gane shi ne ba kalandar makaranta ke yanke lokaci ba, giwa ce. Hutun damina ya fi tsawo, amma a damina ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ya kwanta a kowane kwari, giwaye sun bazu inda mota ba ta kaiwa. Da rani kuwa, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, sai kogin Gaji da fadamarsa. Babbar giwa tana cin ganye da ciyawa da ɓawon itace da ya kai kilo 150 a rana, tana shan ruwa sama da lita 100. Mai irin wannan ciki ba ya nisa da rafi. Don haka muka zaɓi bazara, muka yarda da zafinta, muka ware kwana uku a Wikki maimakon ɗaya. Wanda ya zo da safe yana son komawa da la'asar, da wuya ya ga abin da ya zo gani, kuma shi ne zai koma gida yana cewa babu komai a Yankari.

Fitarmu ta farko, da sanyin safiya cikin buɗaɗɗiyar motar zagaya, ba mu ga giwa ba. Mun ga gwanki, mun ga gwambaza a bakin fadama, mun ga ɓauna daga nesa. Sai ɗan rakiyarmu, wani dattijo mai ƙarancin magana da ya ce ya fi shekara ashirin yana aikin dajin, ya sa direba ya tsaya a wani wuri mai laka da ta fara bushewa. Ya sauka, ya duba gabas da yamma, sannan ya yafito mu. Sawu ne, zagayayye kamar faifai, da zane-zanen tsagar tafin ƙafa a cikinsa kamar tafin hannun tsoho. Auta ta sa ƙafafunta biyu a ciki, da sauran wuri. Dattijon ya ciro igiya daga aljihu ya zagaya bakin sawun da ita, ya ninka tsawon sau biyu, ya ɗaga sama. "Alhaji, ka ga tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa ke nan. Ta ƙafar gaba ake aunawa." Na daɗe ina faɗin sawun giwa ya taka na raƙumi idan babban al'amari ya danne ƙarami, sai a ranar na ga wanda ya fara faɗin maganar da idonsa ya gani.

Abin mamaki, mai wannan sawu ba ta da ƙarar tafiya. A ƙarƙashin ƙashin ƙafarta akwai wani matashi na kitse da ke shanye nauyi, ta yadda toro mai tan biyar ko shida zai wuce ta bayanka ba ka ji ba, in ba reshe ya karya ba. Kusa da sawun akwai kashinta, dunƙule-dunƙule, cike da zare-zaren ciyawa da ƙwallayen aduwa. Dattijon ya fasa ɗaya da sanda ya nuna wa yara. Rabin abin da take ci ba ya narkewa, sai ta kai iri nesa da uwarsa ta ajiye shi cikin taki. Muna mata kirari da karya itace, kuma gaskiya ne, mun ga bishiyoyin da ta ture da waɗanda ta saɓule wa ɓawo. Amma ita ce kuma manomiyar dajin, kuma ban taɓa jin an saka wannan a kirarinta ba.

Tsakar rana a Wikki ta ruwa ce. Akwai wata maɓulɓula da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ruwan garai-garai har kana ganin farin yashin da ke ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Uwargida da 'yan mata suka zaɓi sassafe kafin jama'a su taru, mu maza muka ɗauki azahar. Abin da zan gargaɗi kowace uwa a kai shi ne gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Ɗaya ya fizge burodi daga hannun ɗana na tsakiya, yaron ya yi kuka har ya shiɗe, ba don ciwo ba, don firgita. A ci abinci a cikin ɗaki, a rufe taga, kada a bar ƙaramin yaro da abin ci a hannu a waje. Gadu ma na yawo tsakanin ɗakuna yana kiwo a durƙushe, shi dai ba ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

A rana ta biyu da la'asar sakaliya Allah ya nufa. Direba ya kashe mota ba tare da an ce masa komai ba. Da farko ban ga komai ba sai inuwar itatuwa, sai wata inuwar ta motsa kunne. Giwaye ne suna fitowa ɗaya bayan ɗaya zuwa ruwa, na ƙirga goma sha ɗaya, jikinsu ja-ja saboda ƙasar da suka watsa wa kansu. A gaba wata tsohuwa ce mai haure ɗaya gajere, wanda ya fi ɗayan cinyewa. Dattijon ya raɗa mana cewa yadda mutum ke da hannun dama ko bahago, haka giwa ke da hauren da ta fi aiki da shi. Ita ce uwar garke. Garken giwa na mata ne, uwa da 'ya'yanta da 'yan'uwanta da jikoki. Namiji in ya kai shekara goma sha biyu zuwa sha biyar sai ya fita ya kama gabansa. Toron da muke yi wa sarakuna kirari da shi, yawancin rayuwarsa shi kaɗai yake yawo ko cikin 'yan'uwansa maza. Mai riƙe da jama'a, mai tuna inda ruwa yake a shekarar fari, mai yanke shawarar a tsaya ko a gudu, tsohuwar nan ce. Bahaushe da ya sa sunan dabbar ya zama na mace, ya ce giwa ta zo, giwa ta wuce, bai yi kuskure ba.

Tsakanin ƙafafun wata akwai ɗan jariri da bai gama sanin amfanin hannunsa ba, yana lilo da shi, yana taka shi, daga ƙarshe ya durƙusa ya sha ruwa da baki. Wata 22 uwarsa ta yi da cikinsa, babu dabba mai shayarwa da ta kai ta daɗewa, kuma ya faɗo duniya da nauyin kusan kilo 100. Uwargida ta ji haka ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah," ta daɗe tana kallon uwar.

Hannun nan shi ne abin kallo. Hanci ne da leɓen sama suka haɗu suka yi tsawo, babu ƙashi ko ɗaya a cikinsa, tsoka ce zalla dubbai a kan dubbai. Da shi take shaƙar iska ta san wa ke zuwa, da shi take zuƙar ruwa ta zuba a baki, da 'yan yatsu biyu na bakinsa take tsintar ƙwallon aduwa guda, da shi kuma take tumɓuke bishiya. Magabata suka ce giwa ba ta cizo, hannun nan ake tsoro. Tsohuwar ta ɗaga nata sama ta juyo da bakinsa wajenmu, ta buɗe kunnuwa. Ba wanda ya ce wa yara su yi shiru, su da kansu suka yi. Kunnuwan nan da take kaɗawa mafici ne, jini na bi ta jijiyoyinsu ya huce ya koma jiki, amma in ta shimfiɗa su ta tsaya cak tana kallonka, magana take yi. A lokacin na fahimci karin maganar giwa a garin wani zomo ce ta wani gefen. A garinta muke, mu ne zomaye.

Tatsuniya ba ta yi wa giwa adalci ba. Duk mun ji yadda Gizo ya ci bashin giwa ya ci na dorina, ya miƙa wa kowacce bakin igiya ya ce dokin da zai biya ta da shi ne a ɗaya bakin, suka wuni suna jan juna. A bakin kakanninmu giwa ƙarfi ce ba wayo. Amma dabbar da ke kiran 'yan'uwanta daga nisan kilomitoci da wani gurnani mai zurfin da kunnen mutum ba ya ji, wadda ke tsayawa kan ƙasusuwan 'yar'uwarta tana shafa su da hannu, ba wawuya ba ce. A 2006 a gidan namun daji na Bronx da ke New York, wata giwar Asiya ta gane kanta a madubi, abin da dabbobi kaɗan ne ke iyawa. Na gaya wa yara tatsuniyar a daren nan, na kuma gaya musu inda ban yarda da ita ba.

A ɗan gidan tarihin da ke Wikki akwai haure da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Can na tuna hannunmu na cikin wannan labari tun da daɗewa. A ƙarni na 19 fatake Hausawa na sayo haure daga Adamawa su kawo Kano, ayari ya tsallaka da shi hamada zuwa Tarabulus, kuma maharbanmu na da sango, mashi mai dafi da ake harbawa daga bakin bindiga, don giwa aka yi shi. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, amma kisan bai tsaya nan take ba. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350 a Yankari, yanzu kuwa ana maganar 100 zuwa 150. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS na aiki da masu gadin dajin, har an sanya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam.

Sai dai kada mai zuwa hutu ya manta da manomin da ke bakin dajin. Garke ɗaya na iya cinye gonar dawa a dare guda, abincin shekara na gida guda. Mutumin da ya wayi gari ya ga haka, ba za ka yi masa wa'azin kyan giwa ba. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, kuma talakan ƙauye ma haka. A Kenya an gano giwa na tsoron zuma, sai ake kewaye gona da jerin amya a rataye a waya, in ta taɓa wayar ƙudan su tashi, manomi ya tsira da hatsinsa ya kuma sami zumar sayarwa. Ina fatan ganin ranar da irin wannan dabara za ta wadata a ƙauyukan Alkaleri.

Sauran zagayen ba su da wahalar shiryawa. A cikin dajin akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, duk ana zuwa a dawo kafin azahar. A hanyar komawa mun tsaya Bauchi muka ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa muka yi masa addu'a, na kuma ba yara labarin Baushe, maharbin da ake cewa garin ya ci sunansa. Mai sauran kwana ɗaya zai iya leƙawa Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa ya ga raƙumin dawa da jakin dawa. A cika tanki tun daga Bauchi, a riƙi ruwan sha da maganin sauro, a yi tambaya kan lafiyar hanya kafin a tashi, kuma kada a yi tafiyar dare.

Mun wuce Ningi, rana ta yi sanyi, kowa ya yi barci a mota sai auta. Ina jin ta a baya tana karanta surarta a hankali. Da ta kai ƙarshe sai ta matso ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba, ashe ta fi ɗakin."