Ciwon Ƙoda a Kwarin Haɗeja da Ma'aunin Masu Bincike

Daga Haɗeja zuwa Gashuwa, duk garin da kogi ya ratsa, ba sai an yi wa mutum bayanin wankin ƙoda ba. An san shi, an san tsadarsa: sau biyu ko uku a mako, sa'o'i huɗu a kan na'ura, har gona ta tafi, shanu su bi ta. Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne da yawa cikin masu kwanciyar ba tsofaffi ba ne, kuma ba duka ke da hawan jini ko ciwon suga ba, waɗanda su ne aka saba ɗora wa laifin lalacewar ƙoda.

Zato kam ya yi yawa. Wasu na nuna ruwa, tunda Kogin Haɗeja daga kogunan Kano da Challawa yake samo asali, kuma masana'antun jemar fata na Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna zubar da dagwalonsu. Wasu na cewa maganin feshi ne da ake ambaliyarsa a gonakin shinkafa. Akwai masu zargin zafin rana da ƙishirwa ga manomin da ke wuni a fadama, akwai masu zargin ƙwayoyin kashe ciwon jiki da ake sha ba ƙa'ida, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Kowane zato yana da ƙafar tsayuwa, amma har yau kimiyya ba ta yanke hukunci ba. Yanke shi kuwa aikin ɗakin gwaji ne, aikin mai iya leƙa cikin ƙwayar halitta ya karanta abin da guba ko gado ya rubuta a jikin DNA.

Masanin da ya fi kusa da wannan tambaya a yankinmu shi ne Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila. Asalin fagensa ƙwaƙwalwa ce: yana nazarin wani sinadarin furotin mai suna tau, wanda ke cukurkuɗewa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Amma wani aikinsa da ya ja hankali ba na ɗakin gwaji ba ne, ƙidaya ce. A 2021 shi da abokan aikinsa, ciki har da Tom Baden da Lucia Prieto-Godino, suka fitar da nazari a mujallar Nature Communications, inda suka tace maƙalu 5,219 na binciken ƙwaƙwalwa da aka jagoranta daga Afirka tsakanin 1996 da 2017. Masar da Afirka ta Kudu kaɗai sun kwashe kimanin rabi. Nijeriya ta zo ta uku, sai Maroko da Tunisiya.

Matsayi na uku abin a yi murna ne, sai dai nazarin bai tsaya a yawa ba, ya duba ambato. A al'adar masu bincike, duk wanda ya gina aikinsa a kan na wani dole ya ambace shi, kamar dai yadda malaman hadisi ke jero isnadi, wane daga wane. Yawan masu ambaton maƙala shi ake ɗauka a matsayin alamar tasirinta. A 2005 wani masanin fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya dunƙule wannan a lamba guda: wanda lambarsa ta kai 20, yana da maƙalu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Yau da irin wannan lamba ake neman tallafi, da ita ake gayyatar mutum haɗin gwiwa.

Abin da Maina da abokansa suka gano shi ne maƙalun da aka yi da hannun masu bincike na ƙetare sun fi samun ambato, yawancin ɗakunan gwajinmu ba sa amfani da dabarun zamani, kuma kuɗin bincike a mafi yawan nahiyar daga waje yake zuwa. Ni a ganina wannan ba hukunci ba ne a kan basirar kowa. Malamin jami'a da ba shi da tsayayyar lantarki, balle firjin da ke riƙe samfurin jini a sanyin da ya kai 80 ƙasa da sifili, zai yi binciken da kayansa suka ba shi dama ne, ya buga shi inda aka karɓa, domin ƙarin girma a jami'o'inmu ƙidayar takardu yake bi. Maina bai tsaya ga ƙorafi ba. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin da jami'o'in Turai suka bayar, kuma da tallafin gwamnatin jihar cibiyar ta shiga binciken ciwon ƙoda a yankin Bade, inda Gashuwa take, tare da Ben Caplin da Neil Pearce na Landan, waɗanda suka daɗe suna bin irin wannan cuta a wasu ƙasashe. Sunan da ya yi a fagen tau shi ya sa aka saurare shi da ya zo da maganar ƙoda. Wannan shi ne amfanin ambato na gaskiya, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma ma'aunin yana da makanta, kuma tarihin ciwon ƙoda kansa ya nuna ta. Tun shekarun 1950 aka lura da wata cutar ƙoda a ƙauyukan manoma da ke bakin rassan Kogin Danube, a Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Romaniya da Bulgeriya. An zargi ruwa, an zargi ƙarafa masu guba, an zargi gado. A 1969 wani masani mai suna Ivić ya rubuta a wata mujallar yankin cewa 'ya'yan wata ciyawa, Aristolochia, ke shiga cikin alkama lokacin girbi, a niƙa su a ci a burodi. Kusan babu wanda ya waiwayi maganarsa. Sai a 2007 Arthur Grollman na Jami'ar Stony Brook da Bojan Jelaković na Zagreb da tawagarsu suka samu gubar ciyawar manne da DNA a ƙodar majinyata, da tabonta na musamman a ƙwayar gadon p53. Shekara 38 gaskiya tana ajiye a takardar da ba a ambato, mutane suna ta mutuwa. A Nikaraguwa da Salbado, inda wata cutar ƙoda ta daban ke cin masu saran rake, da Siri Lanka inda take cin manoman shinkafa, har yanzu ana kan muhawara a kan sanadinta.

Shi ya sa nake ganin Jigawa ba za ta jira a gama a Damaturu a aiko mata da sakamako ba. Ruwan da ya wuce Auyo da Haɗeja da Guri shi ke isa Gashuwa, amma gonaki da rijiyoyi da al'adun magani sun bambanta, kuma a cikin bambancin ake gane mai laifi. Jihar tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, wadda ke cikin masarautar Haɗeja. Aikin farko ba mai ƙyalli ba ne: rajistar kowane majinyaci da garinsu da sana'arsa da inda yake ɗebo ruwan sha, auna jini da fitsarin masu lafiya a ƙauyuka, a sake aunawa bayan wata uku, domin sai da hakan ake tabbatar da ciwon ƙoda mai ɗorewa, adana samfurin ruwa da ƙasa rani da damina. Irin wannan aiki yakan ɗauki shekaru kafin ya haifi maƙala guda, don haka matashin malami mai neman ƙarin girma zai guje shi, sai idan jami'arsa ta lissafa masa shi kuma gwamnati ta ware masa kuɗi a kasafi.

Idan kuma za a ƙulla yarjejeniya da abokan ƙetare, a rubuta tun farko cewa kashin samfuran zai zauna a gida, ɗaliban Dutse da Kafin Hausa za su koyi gwajin da hannunsu, sunayensu za su hau maƙalun, sannan a koma garuruwan da aka ɗebi jinin mutanensu a faɗa musu sakamakon da Hausa.