Annobar mura da shawarar yin tafiya: abin da ya faru a Hajjin 2009

A watan Afrilun 2009 wata sabuwar ƙwayar cutar mura, H1N1, ta ɓulla a ƙasar Meziko, kuma cikin 'yan makonni matafiya a jiragen sama suka kai ta nahiyoyi da dama.

Ranar 11 ga watan Yuni na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙarƙashin Dr Margaret Chan, ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

Watanni biyar kawai suka rage a yi aikin Hajji, saboda haka sai maniyyata da hukumomi suka shiga tunanin ko a tafi ko a fasa.

Hukumar ba ta ba da shawarar rufe iyakoki ko hana tafiye-tafiye ba. Hujjarta ita ce cutar ta riga ta bazu, kuma hana zirga-zirga ba zai dakatar da ita ba.

Akwai dalili a yanayin cutar kanta. Mura kan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin alamunta su bayyana, kuma mutum na iya yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji zazzaɓi. Don haka na'urorin auna zafin jiki da aka girka a filayen jiragen sama ba sa kama kowa.

Sunan da aka laƙaba mata, murar aladu, ya ruɗi jama'a. Masar ta ba da umarnin kashe aladun ƙasar baki ɗaya, alhali cutar daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ta hanyar tari da atishawa. Ƙauracewa naman alade ba ya kare kowa daga gare ta.

Ta bambanta da murar tsuntsaye, H5N1, wadda aka fara ganowa a Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Waccan ta fi kisa idan ta kama mutum, amma da wuya take yaɗuwa tsakanin mutane.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa sun gana a birnin Alƙahira a watan Yulin 2009, inda suka amince cewa kada waɗanda suka haura shekara 65, da yara 'yan ƙasa da shekara 12, da masu fama da cututtuka na dindindin su je Hajji a shekarar.

Wannan mataki ya nuna inda ma'aunin yake: haɗarin ya danganta da jikin matafiyi fiye da sunan ƙasar da za shi. Saurayi mai ƙoshin lafiya da mace mai ciki, ko mai ciwon sukari, ko asma, ko ciwon zuciya, za su iya shiga jirgi ɗaya, amma ba kasada ɗaya suke ɗauka ba.

To sai dai wannan mura ta zo da wani abu da ba a saba gani ba. Murar da aka sani ta fi kashe tsofaffi, amma wani bincike da aka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda H1N1 ta kashe ba su kai shekara 65 ba.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Iran ta hana 'yan ƙasarta zuwa Umara a watan Ramadan. Tunisiya kuwa ta soke Hajjin shekarar gaba ɗaya, saboda ba za ta sami allurar rigakafi a kan lokaci ba. Nijeriya da akasarin ƙasashen Musulmi sun tura alhazansu.

A fagen addini ma batun tsoho ne. Iko sharaɗi ne na wajabcin Hajji, kuma lafiyar jiki da amincin hanya suna cikinsa. Malamai kan kafa hujja da Halifa Umar, wanda ya juya daga hanyarsa ta zuwa Sham da ya sami labarin annoba a can.

Yadda ta kaya

Fiye da mutum miliyan biyu ne suka yi tsayuwar Arfa a ƙarshen Nuwamban 2009. Hukumomin Saudiyya sun ce alhazai 73 ne aka tabbatar sun kamu, biyar kuma suka rasu. Cikin mamatan akwai wata 'yar Nijeriya mai shekara 17.

Adadin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka yi fargaba. A makon ne kuma ambaliyar ruwa ta hallaka fiye da mutum 100 a Jidda.

Amma alƙaluman da aka tabbatar a ɗakin gwaji ba sa nuna girman annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutuwar kusan mutum 18,500 kafin ta ayyana ƙarshen annobar a Agustan 2010, yayin da binciken 2012 ya ƙiyasta tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko kaɗai, fiye da rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda gwaji ya yi ƙaranci.

Abin da matafiyi ke dubawa

Ƙwayar H1N1 ba ta gushe ba. Ta zama ɗaya daga cikin nau'o'in murar kowace shekara, kuma tana cikin allurar rigakafin da ake yi.

Allurar na bukatar kimanin mako biyu kafin ta fara ba da kariya, don haka wanda ya yi ta a jajibirin tashi zai sauka ba tare da cikakkiyar garkuwa ba. Maganin Tamiflu kuma ya fi amfani idan aka fara shan sa cikin sa'o'i 48 da bayyanar alamu, abin da ke sa likitoci su tambayi mai rauni ko akwai asibiti kusa da masaukinsa.

Lokacin tafiya ma yana da tasiri. A Turai da Amurka mura ta fi ƙamari daga Disamba zuwa Maris, a Afirka ta Kudu da Ostireliya kuwa daga Yuni zuwa Agusta. Makka na haɗa mutanen ɓangarorin biyu wuri guda.

Akwai kuma haɗarin da ba na rashin lafiya ba. A watan Mayun 2009 hukumomin Hong Kong sun killace kusan mutum 300 a wani otal har tsawon mako guda, bayan an sami baƙo ɗaya daga Meziko ɗauke da cutar. Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya na kwana biyar zai iya rasa jirginsa da guzurinsa ko da bai yi ko tari ba.