Ko Kun Sani? Kyanwa da Furen Kariya

Kariya, shukar nan mai kaurin gindi da jan fure da ake ƙawata tsakar gida da ita, guba ce ga kyanwa. Ruwan jikinta yana rikita bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassan Afirka suka daɗe suna shafa shi a kibiya.

Kyanwa ba ta son ƙamshin lemo. Don haka, domin a nesanta ta da kariya, a zuba ɓawon lemon zaƙi ko na tsami a bakin tukunyar da aka shuka furen a ciki, a riƙa sauyawa in ya bushe. A kuma shuka wa kyanwar alkama a tsohon kasko. In ta samu ɗanyen tsiron da za ta tauna, takan ƙyale furanni. In har ta ci kariya, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi.